A Tambayi Ma'anar Suna Kafin A Yanka Rago

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan yadda muke zaɓar wa 'ya'yanmu suna a wannan zamani, da kuma matsayin da muke bai wa ma'anar sunan idan mun zo zaɓar. Ni malamin firamare ne, na yi shekara 35 ina kiran rajista kowace safiya kafin in yi ritaya, kuma duk wanda ya yi wannan aiki ya ga sunayen garinsu suna sauyawa a gaban idonsa aji bayan aji. Lokacin da na fara koyarwa, idan na kira Abubakar sai yara uku su amsa, in bi su da sunan uba kafin in rarrabe su. Lokacin da na ajiye alli kuwa, akwai sunayen da sai na kira yaron gaban tebur na tambaye shi yadda ake furta su, shi ma ya ce sai ya tambayo a gida.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru a cikin danginmu kwanan baya. Matar ɗan ƙanwata ta haifi 'ya mace, haihuwar fari, kuma a dare na uku, tun ba a yi wa jaririyar huɗuba ba, sai mijin ya zo gidana bayan sallar isha'i da wayarsa a hannu. Bayan mun gaisa ya ce, "Kawu, mun sami suna, An'am za a sa mata." Na tambaye shi ko takwarar wata ce a dangin matar, ya ce a'a, maijegon ce ta ga sunan a jerin sunayen surorin Alƙur'ani ya yi mata daɗi, kuma sun duba a intanet an rubuta musu cewa yana nufin ni'ima. Na ce masa ni ba malamin Larabci ba ne, amma na sauke Alƙur'ani a makarantar allo, kuma abin da nake ji wurin masu tafsiri a watan azumi shi ne sura ta shida, Suratul An'am, surar dabbobin kiwo ce. Ya yi shiru, sannan ya ce ai an riga an ba mai buga sitika aiki, guda ɗari biyu, waɗanda za a liƙa a jikin bokitai da kofunan da za a raba wa mata ranar suna. A nan na gane inda muka kwana: an tuntuɓi mai buga sitika kafin a tuntuɓi malami.

Washegari muka je wurin limamin unguwarmu bayan sallar asuba. Ya yi murmushi, ya ce kalmar da aka sa wa surar tana nufin raƙuma da shanu da tumaki da awaki, kuma lallai tushenta ɗaya da ni'ima, domin dabbobin nan ni'ima ce daga Allah, amma kasancewar tushe ɗaya ba ya mayar da kalmomi biyu abu guda. Ya ƙara da cewa idan ni'imar suke nufi, ga In'am, ga Ni'ima, ga Na'ima, duk suna nan kuma babu wanda zai ɗaga gira idan ya ji su.

Wannan kuskure na ɗaukar cewa duk kalmar da ke cikin Alƙur'ani ta cancanci zama suna ya yaɗu ƙwarai, kuma niyyar masu yin sa kyakkyawa ce, shi ya sa yake da wuyar gyarawa. Sai dai ya kamata a tuna cewa a cikin Littafin nan mai tsarki aka ambaci Fir'auna da Hamana da Ƙaruna da Abu Lahabi, a cikinsa aka ambaci jaki da kare da alade, kuma a cikinsa aka jero sunayen wuta. Tsarkin Alƙur'ani bai sa kowace kalma da ta zo a cikinsa ta zama addu'a ba. Sannan akwai wata matsala da rubutun boko ya ƙara mana, domin haruffan Larabci da yawa suna haɗuwa su zama harafi ɗaya a bakinmu da kuma a takardarmu. Misali mafi kusa shi ne Asiya. Akwai Asiya matar Fir'auna, mace mai imani wadda duk Musulmi ke alfahari da sa wa 'yarsa sunanta, akwai kuma wata kalmar da ake rubutawa da haruffan ainun da sadi a Larabci, mai nufin mace mai saɓo, wadda ita ce Manzon Allah (SAW) ya canza wa wata 'yar Sayyidina Umar ya mayar da ita Jamila, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. A boko duka biyun haruffa biyar ne iri ɗaya. Wanda ya ɗauko suna daga waya, a rubuce da boko, ba tare da ya ga asalinsa da Larabci ba, bai san wanne ya ɗauko ba.

Kula da ma'anar suna ba sabon abu ba ne da 'yan boko suka ƙirƙiro. Manzon Allah (SAW) ya canza sunayen manyan mutane masu gemu saboda ma'ana kawai. Ya canza sunan Barra ya koma Zainab, duk da cewa Barra na nufin mai biyayya da nagarta, saboda akwai yabon kai a cikinsa. Ya ce wa Hazn, wato mai tsauri, kakan Sa'idu ɗan Musayyib, ya koma Sahl, mai sauƙi, sai dattijon ya ce shi ba zai canza sunan da ubansa ya raɗa masa ba, kuma Sa'idu da kansa ya ce tsaurin nan bai gushe a cikin zuriyarsu ba bayan haka. Buhari ne ya ruwaito wannan. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda malamanmu na zaure suka daɗe suna karantarwa, akwai labarin mutumin da Sayyidina Umar ya tambayi sunansa ya ce Jamra, wato garwashi, ya tambayi sunan ubansa da ƙabilarsa da mazauninsa, duk amsoshin suka zo da ma'anar wuta da ƙuna, har Umar ya ce masa ya gaggauta komawa gida domin iyalinsa sun ƙone, aka kuma tarar haka ne. Ban kawo waɗannan don in ce suna ne ke rubuta wa mutum ƙaddara ba, wannan na Allah ne Shi kaɗai, kuma wanda ya ɗauka haka ya faɗa cikin camfi. Abin da ke ciki shi ne kyakkyawan fata, irin wanda Annabi (SAW) ya yi a Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira, lokacin da ya ga Ƙuraishawa sun aiko Suhailu ɗan Amru, ya ce wa sahabbansa al'amarinsu ya yi sauƙi. Hausawa da suka ce suna linzami ne ba su yi nisa da wannan ba.

Sai dai a nan dole in yi adalci, domin akwai masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, waɗanda da zarar sun sami ƙamus sai su fara yi wa sunayen mutane hukunci. Idan ƙamus kaɗai za a bi, to Khadija na nufin jaririyar da aka haifa kafin cikar watanninta, abin da mu muke kira bakwaini. Fatima daga yaye aka samo shi. Bakar da ke cikin Abubakar saurayin raƙumi ne, Abbas mai yawan murtuke fuska ne, Usman kuwa masana harshe suna fassara shi da ɗan tsakon tuje, wasu ma da ɗan maciji. Hanzala, sahabin da mala'iku suka yi wa wanka a Uhudu, sunansa na wata guna ce mai tsananin ɗaci. Annabi (SAW) bai canza ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma yau babu Bahaushen da zai ji an ce Hadiza ko Dije ya tuna da bakwaini, uwar muminai kawai yake tunawa. Ashe ke nan suna yana samun ma'ana ta hanya biyu: ko dai kalmar kanta ta kasance mai kyau, ko kuma wani mutumin kirki ya riga ya ɗauke ta ya cika ta da halinsa har ma'anar farko ta ɓace a bayansa. Damuwata ita ce sunayen da ba su da ko ɗaya daga cikin biyun, waɗanda aka tsinto daga fim ɗin Indiya ko na Turkiyya ko wani shafi na Facebook, ba a san abin da kalmar ke nufi ba, ba a kuma san wani na ƙwarai da ya taɓa amsa ta ba, sai dai kawai ta yi zaƙi a kunne kuma babu mai irinta a layin.

Ita ma hanyar takwara tana da nata ramin, kuma a nan mu maza ne muka fi faɗawa. A shekarun da kaset ɗin karatun limaman Harami ya cika kasuwanni da motocin haya, rajistata ta cika da Sudais da Shuraim. Ƙaunar makaranta Alƙur'ani ce ta kawo haka, ba na musu, amma waɗannan sunayen gidajensu ne, ba su ne sunayen da iyayensu suka raɗa musu ba. Sunan Shehu Shuraim na yanka Sa'ud ne, shi kuwa Shehu Sudais sunansa Abdurrahman, ɗaya daga cikin sunaye biyu da hadisin Muslim ya ce su ne mafi soyuwa a wurin Allah, ɗayan kuwa Abdullahi. Wato mun tsallake sunan da ya fi kowanne daraja a jikin mutumin muka ɗauki na danginsa. Wannan ba sabon hali ba ne a wurinmu, domin Buhari ma jinginawa ce zuwa birnin Bukhara da ke Uzbekistan ta yau, sunan malamin Muhammadu ɗan Isma'ila, haka nan Jilani jinginawa ce zuwa yankin Jilan na ƙasar Iran, sunan shehin Abdulƙadir. Waɗannan dai sun zauna, mutanen da aka jingina su gare su kuma tarihi ya riga ya gama tantance su. Inda abin ya fi haɗari shi ne sa wa yaro sunan shugaban da ke raye saboda zafin siyasar wata shekara. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976 an sami Murtala da yawa, kuma sun yi sa'a, domin sunan yana nufin yardajje tun kafin Janar ɗin. Waɗanda aka sa wa Usama bayan 2001 su ma suna da mafaka, domin akwai sahabi Usama ɗan Zaidu, kalmar kuma na nufin zaki. Amma yaran da aka haifa lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991 aka sa musu Saddam, yau magidanta ne masu 'ya'ya, suna ɗauke da sunan da ke nufin mai yawan karo da mutane, babu kuma wani wanda za su nuna a bayansa sai mutum ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a daidai lokacin da muke rububin kalmomin da ba mu san fassararsu ba, mun juya wa sunayen da ma'anarsu ke fili a harshenmu baya, har muna jin kunyarsu. Kakanninmu sun kasance suna haɗa biyu, sunan yanka na Musulunci da kuma suna na gida wanda ke ba da labarin haihuwar. Wanda ya ji Tanko ya san namiji ne da ya biyo bayan mata, wanda ya ji Kande ko Dela ya san mace ce da ta biyo bayan maza. Shekarau ya daɗe a ciki ya wuce lokacinsa, Anaruwa ana tsuga ruwan sama ya faɗo, Sallau da Tasalla ranar idi suka zo, Talle kuwa maraya ne da dangi suka tallafa. Marigayiya Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, sunanta na yanka Hajaratu, an kira ta Gambo ne saboda ta biyo bayan tagwaye, kuma da wannan sunan ta shiga gidan yari ta fita har tarihi ya riƙe ta. Sarkin da aka samo sunan garin Suleja daga nasa, Sulaimanu Barau, bai ga wani ƙasƙanci a cikin Barau ba. Ko da malamai suka zo da Larabci, tsarin nan suka bi, suka jera Muhammadu Lawal da Sani da Salisu da Rabi'u har zuwa Ashiru, daga na ɗaya zuwa na goma, ko da yake yanzu takan yiwu a tarar da ɗan fari ana kiransa Hamisu saboda an yi wa kakansa takwara, kuma babu laifi a cikin hakan. 'Yan'uwanmu Kirista masu magana da Hausa har gobe suna sa Alheri da Godiya da Murna da Salama, Yarbawa Musulmi kuma ba su yar da sunayen harshensu ba don sun sa na Larabci. Mu ne kaɗai muka ɗauka cewa kalma ba ta zama suna sai ta fito daga nesa.

Ba ina cewa a dawo da duk abin da aka bari ba ne. A farkon aikina, a wata makarantar ƙauye, akwai wani yaro a aji uku da aka rubuta masa Ajuji a rajista, kuma kullum aka tashi tara sai in hango shi a gindin bedi shi kaɗai, saboda yara sun mayar da sunan waƙa suna bin sa da ita. Na aika a kira wani babba daga gidansu, sai ga kakarsa ta zo tana dogara sanda. Na ce, "Iya, me ya sa kuka sa wa yaron nan wannan suna?" Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Malam, huɗu na binne wa uwarsa kafin shi." Ta ba ni labarin yadda ranar da aka haife shi aka kai shi kan juji aka ajiye, wata tsohuwa ta ɗauko shi kamar tsintuwa, don a nuna ba a damu da shi ba ko mutuwa ta ƙyale shi. Ban iya ce mata komai ba a ranar, domin ban taɓa jin sunan da ke ɗauke da ƙauna da tsoro kamar wannan ba. Duk da haka aƙidar da ke ƙarƙashinsa, ta cewa ana iya yi wa ajali dabara, ba ta da gurbi a Musulunci, kuma nauyin sunan a kan yaron ya faɗa, ba a kan waɗanda suka raɗa shi ba. Da yardarta na goge na rubuta sunansa na yanka. Amma daga cikin sunayen da ake sa wa irin waɗannan yara akwai Kyauta da Dogara da Dangana, kuma ina so wani malami ya nuna mini abin da ke cikinsu in ban da tauhidi tsantsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya nuna cewa al'ada abin dubawa ce, a ɗauka ko a bari, domin da aka haifa masa tagwaye a 1793 ya sa wa namijin Hassan, macen kuwa bai bi abin da aka saba ba, ya kira ta Asma'u.

Akwai wata ƙofa kuma da sunaye marasa tushe ke shigowa ta cikinta ba tare da kowa ya lura ba, ita ce ƙofar alkunya. Idan an yi wa mahaifin miji ko mahaifiyarsa takwara, matar gida ba za ta iya kiran sunan ba, shi ya sa tun da can ake da Abba da Baffa da Babangida da Ummi da Uwani, waɗanda ma'anarsu a fili take. Yanzu sai a raɗa Fatima a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, maroƙi ya sanar, a raba goro da dabino a watse, sannan a cikin gida a ce za a riƙa kiranta da wata kalma da babu wanda ya bincika. Liman bai ji ta ba, uban ma wani lokaci sai daga baya yake ji, amma ita ce za ta bi yarinyar makaranta, ita za a rubuta a takardar haihuwa, har sunan da aka yanka wa rago ya zama ba mai tunawa da shi sai ranar ɗaurin aure. Haka kuma muke yi wa sunayen da suka fi kowanne kyau yankan ƙauna. Audu da kakanninmu ke faɗa ya fi Abdul ɗin da muke ganin ya fi wayewa, domin Audu daga Abdu yake, wato bawa, magana cikakkiya, shi kuwa Abdul an yanke shi ne a tsakiya, an ambaci bawa an fara ambaton Ubangijinsa aka tsaya. Wanda ya fi wannan muni shi ne a jefar da rabin farko, a riƙa kiran Abdurrahman da Rahman ko Abdussamad da Samad, alhali waɗannan sunayen Allah ne.

Malam Edita, kai ka fi ni sanin yawan sanarwar canjin suna da jaridu ke bugawa. A da mutum yana iya sauya suna da bakin liman da shaidar unguwa. Yau sunan da aka rubuta a takardar haihuwa shi zai bi yaro zuwa lambar NIN da BVN da takardun WAEC da JAMB da fasfo, kuma wanda ya girma ya gano sunansa ba shi da daɗin fassara sai ya yi rantsuwa a kotu, ya biya kuɗin sanarwa a jarida, sannan ya bi ofis-ofis yana gyara, wani ma ya haƙura ya zauna da shi. Alhali shari'a da al'ada sun ba iyaye mako guda cur tsakanin haihuwa da suna, ban da wata tara da suka gabata. A cikin makon nan ana samun lokacin zuwa kasuwar dabbobi a taya rago, a kai ɗinki, a sayo goro da alawa, a kira wanzami, a nemi mai ɗaukar hoto. Tambayar ma'anar suna ba ta cin minti goma, kuma babu unguwar da ba ta da wanda ya karanta Larabci. Ina roƙon limamanmu, idan uba ya raɗa musu suna a kunne da safiyar suna, su riƙa tambayarsa har da wanda za a kira yaron da shi a cikin gida, kuma zai fi kyau a yi wannan tun kafin jama'a su taru, don kada a kunyata kowa. Ina kuma roƙon wannan jarida ta ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata, inda masu karatu za su aiko da suna, malamin Larabci da malamin Hausa su yi bayanin asalinsa da rubutunsa da ma'anarsa, har da sunayenmu na gida da na Fulfulde da na Barebari da ke yawo a cikinmu.

Game da jikar tawa kuwa, an raɗa mata Ni'imatu. Maijegon ta ɗan yi fushi na kwana biyu, daga baya ta aiko mini da tuwon suna da ƙafar rago guda. Sitikun dai an riga an buga, mai bugawa kuma ya ce ba ya mayar da kuɗi, don haka aka liƙa su yadda suke, kuma har yau akwai bokiti ɗaya a tsakar gidana mai ɗauke da tsohon sunan, matata tana jiƙa wa awakinta dusa a ciki. Ƙanwata kuwa, kakar yarinyar, ba ta kiranta da ko ɗaya daga cikin biyun. Tun da ranar Lahadi aka haife ta, Ladi take ce mata.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
daga Katsina.